Lifidi da Lissafi: Darajar Kayan Yaƙi daga Ƙasar Gumel zuwa Teburin Wasa

Kowace Alhamis kasuwar Maigatari tana cika da raƙuma, shanu, tumaki da dawaki, yawancinsu an koro su ne daga Jamhuriyar Nijar. Mai neman dokin hawan salla yakan duba launi da tsayi da kyan tafiya, ya buɗe baki ya ga haƙora, sannan a shiga ciniki. Da a ce shekara 150 da suka wuce ne, da tambayar da zai fara yi daban ce: shin wannan ingarma zai iya ɗaukar lifidinsa, da mahayi mai sulke da kwalkwali, ya tsaya cikin rana tun daga hantsi har la'asar bai sare ba? Dokin bai sauya ba, ma'aunin da ake auna shi da shi ne ya sauya.

Wannan matsala ta sauyin ma'auni tana da wani gida da mutum ba zai yi tsammani ba. A Amurka da Turai akwai wasannin labari na kan tebur, inda 'yan wasa ke zama da takarda da fensir da ɗan lido, kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi, jagoran wasa kuma yana ba da labari yana yanke hukunci. Mafi shahara a cikinsu shi ne Dungeons & Dragons. An sha sake buga dokokinsa, kuma duk sabon bugu yakan tilasta wa masu wasa su zauna su juya lambobin tsofaffin kayan yaƙi zuwa sabon lissafi. Abin da suke fama da shi a kan tebur, sarakunan Gumel da Haɗeja da Damagaram sun yi fama da irinsa a filin daga, sai dai su kuskuren lissafi da rai ake biyansa.

Yadda aka mayar da sulke lamba

Asalin waɗannan wasanni horon soja ne. A 1824 wani hafsan sojan Furusiya mai suna Georg von Reisswitz ya gabatar wa manyansa wasan yaƙi a kan taswira, inda ɗan lido ke yanke sakamakon harbi, rundunar kuma ta karɓe shi don koyar da hafsoshi. Daga baya abin ya fita daga bariki ya zama nishaɗi. A 1971 Gary Gygax da Jeff Perren suka fitar da dokokin yaƙin zamanin da mai suna Chainmail, kalmar da ke nufin sulke, a 1974 kuma Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons.

A wannan wasa kowane jarumi yana da lamba guda da ke nuna wuyar samunsa da makami, wadda za a iya kira matakin kariya. A bugun farko-farko, ƙanƙantar lambar ita ce ƙarfinta. Arneson ya ce ya aro tsarin ne daga wasan jiragen ruwan yaƙi, inda jirgi mai daraja ta ɗaya ya fi kowa kaurin ƙarfe. A dokokin da aka faɗaɗa a ƙarshen shekarun 1970, mutum marar kariya yana da 10, mai rigar da aka cusa wa auduga yana da 8, mai sulke yana da 5, mai farantan ƙarfe a kan sulke yana da 3. Bugu na biyu na 1989 ya riƙe wannan tsari, tare da wani lissafi mai wahalar da sabon shiga da ake kira THAC0: a ɗauki lambar maharin, a cire matakin kariyar abokin gaba, abin da ya rage shi ne mafi ƙarancin abin da ɗan lido mai fuska 20 zai nuna kafin sara ya shiga.

A 2000 bugu na uku ya kifar da tsarin: yanzu babbar lamba ita ce mai ƙarfi. Juyawar ta zo da sauƙi, domin a cire tsohuwar lamba daga 20 kawai. Sulke mai 5 ya zama 15. Sabon soja a tsohon tsari yana bukatar 15 ko fiye don ya sami mai sulke, wato fuska 6 cikin 20, kashi 30 cikin ɗari. A sabon tsarin ma kusan haka yake. Lissafi ya daidaita, kowa ya yi murna.

Amma bugu na biyar na 2014 ya ɓata wannan sauƙi. Sulke ya zama 16, cikakkiyar rigar farantan ƙarfe ta zama 18, kuma masu tsara wasan sun taƙaita yadda lambobi ke hauhawa, don kada babban jarumi ya kai matsayin da ƙaramin soja ba zai taɓa samunsa ba. Saboda haka 16 na 2014 ba ta da ma'ana ɗaya da 16 na 2000. Wanda ya kwafi lambar kai tsaye ya kwafi siffa ya bar ruhi. Ƙwararrun masu wasa sun koyi cewa tambayar da ta dace ita ce: a tsohuwar duniyar, wane makami wannan riga take tsayarwa, sau nawa, kuma me mai ita yake rasawa saboda nauyinta?

Akwai kuma abin da ya ɓace a hanya. Dokokin ƙarshen shekarun 1970 suna da jadawali da ke nuna cewa kowane makami yana da tasirinsa daban a kan kowace irin riga. Bugu na biyu ya mayar da wannan zaɓi, na uku ya watsar da shi. Lamba guda ta haɗiye bambancin kibiya da kulki da mashi. Wannan jadawalin da aka yar shi ne ainihin abin da ake bukata don fahimtar lifidi.

Kanajeji da darasin farko

Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci, wanda H. R. Palmer ya fassara ya buga a 1908, ya ce Sarkin Kano Kanajeji, wanda ake ƙiyasta mulkinsa daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwalin ƙarfe da sulke. Littafin ya ba da dalili: asarar rayuka da Kanawa suka yi a yaƙinsu da mutanen Umbatu ta yi yawa. Tun daga ranar farko ke nan lifidi amsa ce ga wata takamaiman tambaya, kuma tambayar ita ce kibiya.

Kibiyar ƙasar Hausa ba ta dogara da ƙarfin huda ba. Bakan ba shi da tsananin ƙarfi, kibiyar siririya ce marar gashi, amma an shafa mata dafin da ake dafawa daga 'ya'yan kwankwani da wasu haɗe-haɗe. Ƙarzane kaɗan ya isa ya kayar da mutum ko doki. A irin wannan yaƙi, abin da mayaƙi yake bukata shi ne kauri da zai hana tsinin kibiya taɓa fata, kuma ya rufe jiki gaba ɗaya, har da na dabbar da ke ƙarƙashinsa. Lifidi, wato yadi ninki-ninki da aka cusa wa auduga ko audugar rimi aka ɗinke shi tsaf, ya dace da wannan aiki. Mahayi yana sa bantan lifidi a ƙugu da cinya, safa a ƙirji, wani lokaci da kumakumi, ga kwalkwali mai gashin jimina a ka. Doki kuma a rufe masa ƙirji da wuya da haƙarƙari da ɗuwawu.

Sulke aikinsa daban ne. Zobban ƙarfe suna hana kaifin takobi yanka, amma siririn tsini na iya ratsa tsakaninsu, kuma ba sa rage zafin dukan kulki. Shi ya sa ake sa shi a kan riga mai kauri. Yana da tsada domin mafi yawansa ta Sahara yake zuwa, daga Masar da Tarabulus, ya bi ta Borno ko Agadas. Lifidi kuwa aikin gida ne: manomi ya noma auduga, mata su kaɗa zare, masaƙi ya saƙa, maɗinki ya cusa ya ɗinke. Masarautar da ba ta da hanyar Sahara a hannunta tana iya yin lifidi, muddin tana da auduga da ma'aikata da hatsin ciyar da manyan dawaki.

A nan ne lissafin teburin wasa yake karo da tarihi. A bugun 2014, riga mai cushen auduga ita ce mafi arha da rauni a jerin: zinariya 5, matakin kariya 11 kafin a ƙara zafin naman mai ita, kuma an sa ta cikin kaya marasa nauyi. Sulke zinariya 75 ne, matakinsa 16, an sa shi cikin masu nauyi. Maharin da ke da ƙarin 4 zai sami mai auduga sau 70 cikin 100, mai sulke kuma sau 45. Jadawalin ya ɗauki siffar Turai, inda rigar auduga tufar talakan soja ce ko abin sawa ƙarƙashin ƙarfe. A ƙasar Hausa da Borno kuwa 'yan lifidi su ne runduna mafi nauyi, masu tsaron sarki, kuma har sarauta ake naɗawa ta shugabancinsu.

Gumel a tsakanin manya

Masarautar Gumel, wadda a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, ta kafu ne wajajen 1750 a hannun Ɗan Juma da mabiyansa Mangawa, kuma ba da daɗewa ba ta shiga ƙarƙashin inuwar Borno. Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo bai ci ta ba, ba ta kuma taɓa zama cikin daular Sakkwato ba. Wannan ya bar ta a wuri mai hatsari: Kano a kudu maso yamma, Haɗeja a kudu maso gabas, dukkansu masu biyayya ga Sakkwato, sai Damagaram a arewa, wadda ita ma ta Borno ce a suna amma tana da nata buri. Kafin a tabbata a garin Gumel na yanzu a tsakiyar ƙarni na 19, fadar ta zauna a Tumbi, wadda yau take cikin Nijar.

Ƙasar fili ce mai yashi, ba duwatsu, ba ƙudan tsando, wato ƙasar doki. A irin wannan wuri ƙarfin sarki yana cikin bargarsa da ganuwarsa. Borno da Gumel ke bi ta shahara da dawaki masu sulke. A Fabrairun 1823, lokacin da Baturen Ingila Dixon Denham ya isa Kukawa, ya bayyana yadda dakarun Shehu Muhammadu al-Kanemi suka tarye shi sanye da sulke daga wuya zuwa gwiwa, kawunan dawakinsu da farantan ƙarfe. Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bi ta Gumel a Maris na 1851 a zamanin Sarki Ɗan Tanoma, ya same ta gari mai cike da ciniki, musamman na kanwa. Da ya sake bi ta nan a ƙarshen 1854 ya tarar rikicin gadon sarauta ya daidaita ta. Cikin shekara uku da 'yan watanni kasuwa ta koma kango.

Yaƙe-yaƙe da maƙwabta sun ɗauki mafi yawan ƙarnin. A Haɗeja, Sarki Buhari ya yi wa Sakkwato tawaye, ya karya rundunar da aka tura masa a Gamon Kafur a farkon shekarun 1850, ya hana yankin sakat har mutuwarsa a 1863. Gabar Gumel da Haɗeja ba ta lafa ba sai a 1872, shekarar da Sarkin Gumel Abdullahi ya rasa ransa. Dukkan waɗannan faɗace-faɗace an yi su ne bisa tsarin da kowane ɓangare ya sani: 'yan baka a ƙasa, barade masu garkuwa da mashi a kan dawaki masu sauri, 'yan lifidi ƙalilan a gaba ko kewaye da sarki. Aikin 'yan lifidi shi ne su shanye ruwan kibau, su matsa har kusa da sahun abokan gaba ko gindin ganuwa, su buɗe wa na bayansu hanya.

Kuɗin da ake biya don wannan kariya ba ƙarami ba ne. Dokin lifidi ba ya dogon gudu, zafi yana gajiyar da shi, kuma in mahayi ya faɗi da ƙyar yake tashi shi kaɗai. Kowane ɗan lifidi yana bukatar zagi da masu ɗaukar kaya da masu yankan ciyawa. Auduga kuma tana cin wuta, don haka masu tsaron gari sukan harbo kibiya mai wuta. Dokar wasan 2014 ta ce kayan kariyar doki suna ninka na mutum sau huɗu a tsada, sau biyu a nauyi. A wannan gaɓa dai masu wasan sun kusanci gaskiya.

Ranar da ƙa'ida ta fara sauyawa

Ko kafin bindiga ta yawaita, lifidi bai taɓa zama tabbacin nasara ba. A Tabkin Kwatto, ranar 21 ga Yuni 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya zo da dawaki masu yawa, har da 'yan lifidi da Abzinawa. Jama'ar Shehu, ƙarƙashin jagorancin Abdullahi Ɗanfodiyo, mafi yawansu 'yan baka ne a ƙasa, dawakinsu kimanin 20. Suka tsaya a dunƙule suka ƙi watsewa, Gobirawa suka karye. Kariya mai nauyi tana aiki ne idan abokin gaba ya tsorata ya buɗe sahu. Idan ya dake, kibiya za ta sami ƙafar doki ko fuskar mahayi. Abin lura shi ne masu jihadin da kansu, da suka kafa daula, sai suka koma ga doki da lifidi, domin riƙe ƙasa mai faɗi da kai hari nesa aikin mahaya ne.

Bindiga ba baƙuwa ba ce. Mai Idris Alooma na Borno ya yi amfani da 'yan bindiga Turkawa a ƙarni na 16, Tarihin Kano kuma ya ambaci shigowar bindigogi a zamanin Kumbari da kafa dogarai 'yan bindiga a zamanin Babba Zaki a ƙarni na 18. Sai dai ƙalilan ne, ɗurinsu yana cin lokaci, albarushi yana da wuyar samu. Duk da haka, a Oktoban 1826 Hugh Clapperton ya shaida abin da ke tafe. Yana tare da rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello lokacin da ta kai wa Gobirawa hari a Konya. Ya bayyana 'yan lifidi da nauyinsu, har sai an taimaka wa mahayi kafin ya hau. Ya kuma ba da labarin yadda bindiga ɗaya daga cikin garin ta kayar da na gabansu, harsashi ya ratsa lifidi da ƙirji. Audugar da ke shanye kibiya ba ta san dalma ba.

Wani wasan tebur mai suna Pathfinder, wanda ya fito a 2009, ya saka doka daga baya cewa tsohuwar bindiga idan an harba ta daga kusa ba ta la'akari da rigar yaƙi sam. A harshen masu wasa, abin da ya faru a Konya ke nan: lambar kariya tana nan a takarda, amma sabon makami ba ya karanta ta.

Wanda ya fara sake rubuta ƙa'idar yaƙi a arewacin Gumel shi ne Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya yi dogon mulki daga 1851 zuwa 1884. Ya yi amfani da matsayin Zinder a kan hanyar fatake zuwa Tarabulus ya tara bindigogi masu yawa, ya sa maƙera suna zuba igwa ta tagulla, ana haɗa albarushi a cikin gari. Ƙananan masarautun da ke kewaye, har da Gumel, suka shiga matsin da ba su saba da shi ba, hare-haren kamun bayi daga arewa suka rage yawan jama'ar ƙauyuka. A 1893 Rabeh ya zo daga gabas da sojoji masu horo da bindigogin zamani, ya karya Borno, ya rushe Kukawa. Uban gidan da Gumel ta dogara da shi kusan shekara 140 ya faɗi cikin 'yan watanni, duk da dubban dawakinsa. A ƙarshen shekarun 1890 Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga ya kai hare-hare cikin ƙasar Kano a zamanin Sarki Alu, kuma yankin Gumel yana kan hanyar da ke tsakanin ƙasashen biyu.

Me ya sa sarakuna ba su yar da lifidi ba tun a lokacin? Amsar ba ta tsaya ga taurin kai ba. Mafi yawan abokan gaba har ƙarshen ƙarnin da baka da mashi suke zuwa, kuma a kansu lifidi yana aiki. Na biyu, doki da kayansa su ne ginshiƙin tsarin sarauta: sarki yana ba hakimi doki da sulke, hakimi yana ba baransa, biyayya tana bin kyauta. Bindiga kuwa a hannun bayin sarki aka fi damƙa ta, don haka yawaitarta yana nufin ƙarfi ya bar hannun masu sarauta ya koma fada. Joseph Smaldone ya yi nazarin wannan sauyi a littafinsa na 1977 kan yaƙi a daular Sakkwato. Juya runduna daga doki zuwa bindiga juya mulki ne, kuma masu riƙe da linzami ba su ga dalilin gaggawa ba.

1903

Ba a ba su lokaci ba. Faransawa sun kama Zinder a Yulin 1899, aka kashe Rabeh a Kuseri a Afrilun 1900. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Ingila suka fasa ganuwar Kano. A ƙarshen watan, kusa da Kwatarkwashi, dawakin Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu suka auka wa wata ƙaramar ƙungiyar sojoji da ba ta kai mutum 50 ba, waɗanda suka tsaya a murabba'i suna harbi a tare. Sau da dama mahaya suka kawo hari, Waziri ya faɗi tare da jarumai da yawa. Bindiga mai jigida ta Maxim, wadda Turawa suka kawo Kano da Sakkwato, tana iya fitar da harsashi kusan 600 a minti guda. A gabanta lifidi ya zama nauyi kawai, yana rage gudun dokin da gudunsa ne kaɗai zai iya ceton mahayi.

Gumel da Haɗeja, tsofaffin abokan gaba, sun karanta sabuwar ƙa'ida ta hanya biyu. Sarkin Gumel Ahmadu ya yi mubaya'a a 1903 ba tare da yaƙi ba. Sarkin Haɗeja Muhammadu ya ƙi, kuma a Afrilun 1906 aka yi artabu a cikin gari aka kashe shi tare da manyan fadawansa, shi ya sa ake kiransa Mai Shahada. Haɗejawa suna tuna wannan rana da alfahari, kuma sun cancanta. Gumel kuwa ta tsira da garinta da gidan sarautarta. Tsakanin 1906 da 1908 kwamitin haɗin gwiwar Ingila da Faransa ya kafa alamun iyaka, layin ya bi ta arewacin Maigatari, ya raba Mangawa gida biyu, ya bar Tumbi a ɗaya ɓangaren.

Bugu na ƙarshe: hawan salla

Da yaƙi ya ƙare, lifidi bai mutu ba, aikinsa ne ya sauya. Turawan mulki sun ga amfanin jerin gwanon dawaki wajen nuna iko da biyayya, suka shirya manyan hawan daba, kamar na Kano a Janairun 1913, na zuwan Yariman Wales a 1925, da na Kaduna a 1956 don Sarauniya Elizabeth. Bayan 'yancin kai an yi wani a Kaduna lokacin bikin FESTAC na 1977, a Disambar 2024 kuma hukumar UNESCO ta saka hawan daba na Kano cikin jerin al'adun duniya da ake gado. A masarautun Arewa, 'yan lifidi da 'yan sulke suna fitowa a hawan salla kusa da sarki, inda kakanninsu ke tsayawa a filin daga.

Amma ma'aunin ya juya gaba ɗaya. Lifidin yaƙi ana yabonsa da kauri da ƙarfin ɗinki, na salla ana yabonsa da launi da ƙyalli da sauƙin ɗauka. Mai kallo a yau yana iya ɗauka cewa abin ado ne tun fil azal, kamar yadda mai karanta jadawalin wasa zai ɗauka cewa tufar matalauci ce. Duka biyun sun kwafi lamba daga bugun da ba nata ba.

Wannan yana da muhimmanci yanzu, domin masu shirya fina-finai, marubuta littattafan yara, malaman tarihi da matasa masu ƙirƙirar wasannin kwamfuta da na tebur suna ƙara waiwayar tarihin ƙasar Hausa. Duk wanda zai saka ɗan lifidin Gumel ko na Haɗeja a cikin wasa, ko ya rubuta bayaninsa a gidan tarihi, zai fi kusa da gaskiya idan ya bar lamba guda ya koma ga tsohon jadawalin da aka yar. A kan kibiya mai dafi, kariya mai ƙarfi ƙwarai, ga mutum da doki. A kan takobi, mai kyau, musamman idan akwai sulke. A kan kulki da gatari, matsakaiciya. A kan wuta, rauni. A kan harsashi, babu. Sannan a rubuta kuɗinta: raguwar gudu, gajiya cikin rana, zagi da bayi da damin gero da ke bayan kowane mahayi guda, da manoma da masaƙan da guminsu ya ɗinka rigar.

A gefen garin Maigatari a yau akwai yankin ciniki marar haraji da aka kafa a farkon shekarun 2000, a kan iyakar da ta biyo bayan faɗuwar dawakin yaƙi. 'Yan kasuwar da ke juya sefa zuwa naira a ranar Alhamis sun san cewa farashin jiya ba ya sayen raƙumin yau, kuma kafin su faɗi lamba sai sun tambayi abin da za ta saya. Irin wannan tambaya ce ta dace da lifidi: wace kibiya ya tsayar, a wace shekara, kuma wa ya biya.